Wane suna za mu raɗa wa "male gaze" da Hausa?

Jama'a, ku kawo mini ɗauki. Ina wani rubutu a kan yadda ake nuna mata a finafinan almara, irin na takubba da dodanni da matsafa, sai wata kalma ta tsaya mini a maƙogwaro: "male gaze". Kwana uku ke nan ina juya ta. Wata masaniyar fim 'yar Birtaniya, Laura Mulvey, ita ta yaɗa batun a maƙalar da ta buga a mujallar Screen a 1975. Abin da take nufi shi ne, kyamara ba ta da ido nata na kanta, wani ne ya dasa ta a inda take, kuma a yawancin finafinan Amurka an dasa ta ne daidai inda namiji zai so ya tsaya ya more kallo. A wurinta kallo uku ne ke haɗuwa: na kyamara, na jarumin cikin fim, da namu 'yan kallo.

Ga misali don mu san abin da za mu raɗa wa suna. Akwai wata jaruma mai takobi, Red Sonja, da kamfanin Marvel ya fito da ita a littattafansa na zane a 1973. Kayan yaƙin da aka san ta da su 'yan sassan ƙarfe ne guda biyu, ɗaya a ƙirji, ɗaya a ƙugu. Ciki a buɗe, cinya a buɗe. Duk wanda ya taɓa ganin 'yan sulke da 'yan lifidi a hawan sallah ya san amfanin kayan yaƙi: a rufe inda mashi zai shiga. Ita kuwa inda mashi ke nema shi aka bari a fili. Wannan sulke ba don abokin gaba aka ƙera shi ba, don mai sayen littafin ne.

To, an fara kawo shawara.

Malam, Allah ya ƙara sani, na ga taka: "kallon sha'awa". Ta yi daɗin faɗi, kuma kowa zai gane ta nan take. Inda nake jin tsoro, ranka ya daɗe, ita ce ta ɗora laifin a kan mai kallo. Da an ce kallon sha'awa, sai hankalin Bahaushe ya tafi kan saurayin da ke zaune a majalisa yana bin 'yan mata da ido, sai a ce masa ya runtse, magana ta ƙare. Alhali a nan, ko ka shiga da zuciya fes, an riga an zaɓa maka inda za ka kalla. Kyamara ce ta faro daga ƙafa ta hau a hankali kafin ta iso fuska. Kai ba ka da ta cewa.

"Kallon ƙurilla" ma an kawo. Wannan ƙura ido ne kawai, ana yi wa ɓarawo, ana yi wa baƙo. Ta fita.

Yaya, taki ce ta hana ni barci: "kallon haja". Wallahi kin taɓo wani abu. Haja ana baza ta, ana juya ta, ana taya ta, ba a tambayarta ra'ayi. Amma da na gwada ta sai na ga wani gurbin take cikewa, wato mayar da mutum tamkar kaya. Tana faɗin abin da aka yi wa macen, ba ta faɗin idon wa aka bi. Mu adana ta, za ta yi mana rana a can.

Akwai kuma wani kuskure da nake hango mana, mu musamman. Za mu ɗauka maganar tsiraici ce kawai, a ƙara mata mayafi a wuce wurin. Ku tuna fim ɗin Baahubali na farko, na 2015, wanda da yawanmu muka kalla. Avanthika ta fito a mayaƙiya, da takobinta, da alƙawarin da ta ɗauka na ceto sarauniya Devasena. Sai jarumi ya tare ta, cikin abin da aka nuna kamar faɗa kamar wasa, ya warware mata gashi, ya rage mata kayan yaƙi, ya yi mata kwalliya, ta ga kanta a ruwa ta narke. Daga nan aikin ceton ya koma hannunsa. Abin da ya fi ci mini rai ba tufafin da aka cire ba ne, aikin da aka ƙwace ne, aka kuma shirya mu mu yi murna. Ƙanwata da muka kalla tare har tafi ta yi a wurin. Mace ce, amma idon da aka ara mata ta yi kallo da shi.

Wannan aron shi ya kai ni ga abin da nake ganin ya dace: "idon namiji". Ido, ba kallo ba. Kallo aiki ne na lokaci ɗaya, mai yinsa na iya bari. Ido kuwa a bakinmu ya wuce na fuska. Muna cewa abu ya yi kyau a idona, muna cewa a idon jama'a, muna cewa ya dube shi da idon basira ko da idon rahama. Ke nan harshen ya riga ya san ido da ma'anar inda mutum ya tsaya yake auna abu. Ba mu ƙirƙiri komai ba, gurbi ne muka tarar.

Na sa ta a jimla don in ji ko za ta yi tuntuɓe. An zana ta da idon namiji. Fim ɗin nan da idon namiji aka ɗauke shi. Ko mace ce ta ba da umarni, tana iya ɗauka da idon namiji. Duk sun zauna. Har ta ba ni damar kwatanta finafinai biyu na 2017: a Wonder Woman, wanda Patty Jenkins ta ba da umarni, mayaƙan mata sun fito da sulke mai kare jiki, bayan 'yan watanni kuma a Justice League aka ga wasunsu ciki a waje, har aka yi ta ce-ce-ku-ce a kai. Mayaƙan ba su canja ba, ido ne ya canja.

Malam ya dawo da gyara, wai "idon maza" ya fi, tunda ba mutum ɗaya ake nufi ba. Na so in karɓa, sai na tuna a wurinmu "maza" kirari ne na jarumtaka. Ka ce an yi fim da idon maza, wani zai zaci yabo ne, ya ce ashe fim ɗin babu tsoro. Ka yi mini afuwa, Malam, zan tsaya a kan tilo.

Na rubuta "idon namiji" a sakin layi na biyu na rubutun nawa, na ajiye "kallon haja" a na biyar. Yaya, sunanki zan sa a gefenta ko in ce wata 'yar'uwa?