Shin Adalci ne a Auna Malami da Mizanin da Shi da Kansa Ya Kafa?

Malamar Faransanci ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina koyar da Faransanci ga 'yan aji shida zuwa takwas a wata makarantar gwamnati da ke gabashin Amurka, kuma wannan ce shekarata ta biyu a aikin. A farkon zangon nan shugaban makarantarmu ya umarce ni da in rubuta abin da ake kira SLO a taƙaice, wato manufar koyon ɗalibai. Tsarin shi ne in yi wa yara gwajin share fage a watan Satumba, in rubuta matakin da nake sa ran kowannensu zai kai zuwa watan Mayu, shugaba ya duba ya sa hannu, sannan a ƙarshen shekara yawan yaran da suka kai matakin ya zama wani kaso na makin da za a ba ni a matsayina na malama.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ni ce zan tsara gwajin, ni ce zan kafa matakin, kuma ni ce zan duba takardun. Wata abokiyar aikina da ta daɗe a makarantar ta ba ni shawara a asirce cewa in tsananta gwajin farko domin yara su faɗi, in kuma sassauta matakin ƙarshe, domin kowa haka yake yi. Zuciyata ba ta kwanta da wannan ba, amma kuma ban samu tabbacin aiki ba tukuna, kuma makin yana shiga fayil ɗina. Ina roƙon waɗanda suka san tsarin su fahimtar da ni asalinsa, su kuma faɗa mini ko akwai hanyar da mutum zai bi ya yi gaskiya ba tare da ya cuci kansa ba.

Mai Nazarin Manufofin Ilimi ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Abin da ya dame ki ya damu masu bincike tun kafin tsarin ya yaɗu, kuma sanin yadda aka faro zai taimaka miki wajen gane dalilin da ya sa aka ɗora miki wannan nauyi.

Dokar ilimi ta tarayya da Shugaba George W. Bush ya sa wa hannu a watan Janairun 2002 ta wajabta wa jihohi yi wa yara jarrabawar karatu da ta lissafi kowace shekara daga aji uku zuwa takwas. Bayan wasu shekaru, rahoton da ƙungiyar The New Teacher Project ta fitar a 2009 ya nuna cewa a gundumomin makarantu da ake raba malamai kashi biyu kawai, masu gamsarwa da marasa gamsarwa, fiye da kashi 99 cikin ɗari ne ke samun shaidar gamsarwa. A wannan shekarar ce gwamnatin Obama, ta hannun sakataren ilimi Arne Duncan, ta buɗe gasar Race to the Top mai dala biliyan 4.35, inda jihar da ke son rabo sai ta nuna cewa za ta haɗa auna malami da ci gaban ɗalibansa. Jihar New York, alal misali, ta yi doka a 2010 wadda ta sa kashi 40 cikin ɗari na makin malami ya dogara da sakamakon yara, Ohio kuwa ta kai nata zuwa rabi.

A nan ne aka gamu da cikas. Mafi yawan malamai ba sa koyar da darussan da jiha ke yi wa jarrabawa. Malamin kiɗa, da na motsa jiki, da na zane, da na ƙananan azuzuwa, da ke mai koyar da Faransanci, duk ba ku da makin jarrabawar jiha da za a lissafa muku. Sai aka waiwayi abin da birnin Denver ya fara gwadawa tun 1999, inda kowane malami ke kafa manufofi biyu a shekara ana ba shi ƙarin kuɗi idan ya cim musu, tsarin da masu zaɓe suka amince a tara masa harajin dala miliyan 25 a shekara a 2005. Birnin Austin na Texas ma ya bi sahu a 2007. Sai dai ki lura da bambancin: a Denver da Austin lada ake nema, wanda bai samu ba albashinsa na nan. Da aka mayar da shi ma'aunin da zai iya shafar ci gaba da aikin mutum, sai ma'anarsa ta canza gaba ɗaya.

Masanin zamantakewa Donald Campbell ya yi bayani tun cikin shekarun 1970 cewa duk alƙaluman da aka jingina hukunci mai nauyi a kansu, sukan gurɓace, su kuma gurɓata aikin da aka ce su auna. Shawarar abokiyar aikinki misali ce ƙarama ta wannan. Babban misalin shi ne na birnin Atlanta, inda aka gano ana goge amsoshin yara ana gyarawa a jarrabawar jiha ta 2009, har kotu ta samu ma'aikatan ilimi goma sha ɗaya da laifi a watan Afrilun 2015. Wancan jarrabawar jiha ce wadda ake tsaron takardunta, to ina ga gwajin da malami ke tsarawa ya kuma duba a cikin ajinsa?

A ganina, kafa manufa abu ne mai kyau ga koyarwa, domin yana tilasta wa malami ya san inda kowane yaro yake tun farkon shekara. Amma a matsayin ma'aunin da za a kwatanta malami da malami, rauninsa a fili yake, tunda wanda ya kafa mataki mai tsauri ya kusa cim masa zai samu maki ƙasa da wanda ya kafa mai sauƙi ya tsallake shi. Dokar tarayya ta Disambar 2015 ta cire hannun gwamnatin tarayya daga wannan batu, ta bar wa jihohi, shi ya sa wasu suka rage nauyinsa, wasu suka yi watsi da shi, wasu kuma irin taku suka ci gaba.

Tsohon Hedimasta ya amsa:

'Yata, ni ban taɓa aiki a Amurka ba, shekaruna duk a makarantun firamare na jihar Kaduna na yi su har na yi ritaya, amma zan ɗan saɓa wa malamin da ya gabace ni. Ya nuna aibin tsarin, kuma gaskiya ya faɗa, sai dai ya kamata a tambaya da me za a maye gurbinsa. Mu a nan mun ga ɗaya ɓangaren. A 2017 gwamnatin jiha ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, aka ce 21,780 ba su kai kashi 75 cikin ɗari ba, aka sallame su. Wannan jarrabawa ta auna abin da malami ya sani a rana guda, ba ta tambayi ko yaran da ke gabansa sun ƙaru da wani abu ba. Kafin ita kuma, abin da muke da shi shi ne sufeto ya zo sau ɗaya ko sau biyu a shekara, ya duba littafin tsara darasi da rajista, ya ga an share fili, ya tafi. Na sha sa hannu a takardar malamin da na san ajinsa ba ya motsi, domin ba ni da wata hujja a rubuce da zan kafa.

Saboda haka tsarin da ke sa malami ya zauna da shugabansa su duba yaro ɗaya bayan ɗaya bai cancanci raini ba. Matsalar tana wurin shugaban da ke sa hannu ba tare da ya karanta ba. Ina shugaban da bai iya Faransanci ba zai san ko gwajinki ya yi tsauri ko ya yi sauƙi? Game da shawarar abokiyar aikinki kuwa, kada ki bi. Yaran da aka shirya musu gwaji domin su faɗi a makon farko, amanarsu aka ci, kuma wasunsu daga ranar za su yanke cewa wannan harshe ba nasu ba ne.

Malamin Lissafi a Ohio ya amsa:

Malama, na rubuta irin wannan takarda shekaru da dama kafin jiharmu ta sake fasalin auna malamai ta cire ta, don haka zan tsaya kan abin da za ki yi a aikace.

Kada ki kafa mataki guda ga dukan aji. Ki raba yaran bisa makin gwajin farko, domin wanda ya zo daga gidan da ake jin Faransanci, kamar 'ya'yan mutanen Senegal ko Haiti, ba daidai yake da wanda bai taɓa jin kalma ɗaya ba, kuma na farkon ya fi wuyar nuna ci gaba a takarda tunda ya faro daga sama. Ki nemi makin yaran na bara ki haɗa da hujjarki, domin matakin da aka gina a kan shaida ba ya buƙatar a rage shi da gangan, kuma idan aka tuhume ki kina da abin nunawa. Idan akwai wasu malaman Faransanci a gundumarku, ku tsara gwaji ɗaya tare, ku yi musayar takardu wajen dubawa. Wannan kaɗai ya kawar da rabin zargin da ke damun ki, ya kuma sauƙaƙa wa shugaban da Baba Hedimasta ya ambata.

Sannan ki karanta ƙa'idar gundumarku da yarjejeniyar ƙungiyar malamai a kan abu biyu. Na farko shi ne yaran da ba sa zuwa makaranta sosai ko waɗanda suka shigo a tsakiyar shekara, domin wurare da yawa suna ba da damar cire su daga lissafi idan an rubuta tun da wuri. Na biyu shi ne zaman bita na tsakiyar shekara, wanda a wasu gundumomi ake iya gyara mataki a cikinsa idan akwai dalili. Ni a shekarata ta farko ban san da wannan ba, sai da yara biyar da suka ƙaura zuwa wani gari suka ja makina ƙasa, alhali takarda ɗaya ce da na cike a watan Janairu da ta wadatar.

Malamar Faransanci ta sake rubutawa:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Hedimasta, na karɓi nasiharka, ba zan tsananta gwajin farko da gangan ba. Na bincika na tarar mu uku ne ke koyar da Faransanci a gundumar, kuma ɗaya ta yarda mu haɗu ranar Alhamis mu tsara gwaji guda. Abin da ya rage mini shi ne ɓangaren magana da baki, wanda shi ne rabin abin da nake koyarwa amma ba ya shiga gwajin takarda. Malam na Ohio, shin a wurinku an taɓa amincewa a naɗi muryar yaro a Satumba a sake naɗa a Mayu, wata malama ta saurara ta ba da maki, ko kuwa dole sai abin da aka rubuta da alƙalami ake karɓa?