Jak ɗin tsakiya a mashin ɗin jeji: gyara ne ko ɓarna?

Mai XTZ: Salam 'yan uwa. Wallahi raina a ɓace yake. Na ba ƙanina aron mashin ɗina Yamaha XTZ 125 zai je ɗaurin aure, da ya dawo sai na tarar an liƙa wa mashin ɗin jak ɗin tsakiya, wato ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ake kafe mashin a kai, wai shi gwaninta ya yi min tunda yana ganin wahalar da nake sha wajen sa wa sarƙa mai. Kuma ba da noti aka ɗaura ba, walda aka yi a jikin shasi! Mashin ɗin da kamfani suka yi shi dogo, tayar gaba inci 21 ta baya 18, don ya tsallake duwatsu da kunyoyin gona, shi ne aka rataya wa ƙarfe a ciki. Jiya a hanyar wani ƙauye ta wajen Toro ƙarfen nan ya daki dutse, saura kaɗan in sha ƙasa. Ni magana ɗaya nake yi, jak ɗin tsakiya kayan 'yan acaɓa ne, ba shi da gurbi a mashin ɗin jeji. Mai ja ya fito.

Baban Yara: Allah ya kiyaye gaba. Amma malam me 'yan acaɓa suka yi maka da za ka sako su a rigimarka da ƙaninka?

Boxer Zalla: Yauwa Baba, nan nake jira. Wato kayan 'yan acaɓa shi ne kayan banza kenan ko? Mutanen da suke fita tun asuba suna ciyar da iyali da halak ɗinsu, su ne abin misalinka na raini. Ka janye kalmar nan kafin a ci gaba.

Mai XTZ: Ni ban zagi kowa ba. Cewa na yi mashin ɗinsu daban nawa daban.

Boxer Zalla: A'a ba haka ka rubuta ba, koma sama ka karanta. Kuma in jeji ake magana, wa ya kai ɗan acaɓan ƙauye shiga jeji? Boxer ɗin da kake rainawa da jak ɗinta na tsakiya take fitowa daga Indiya, a ɗora mata buhun masara biyu da mutum, ta bi hanyar da kai ko a ƙafa sai ka yi tunani, ba mu taɓa jin jak ya kayar da kowa ba.

Ɗan Maraɗi: Mu nan kabu-kabu muke ce musu, kuma ba wanda ke raina su. Amma maganar gaskiya a wajenmu jak ɗin tsakiya ba ya da amfani da yawa, rairayi ne ko'ina, ka kafe moto a kai ƙafafun biyu su nutse ya kwanta. Na gefe ma sai ka sa masa ɗan katako ko takalmi a ƙasa.

Bakanike: Ku tsaya dan Allah, kun bar jaki kuna dukan taiki. Abin da ya fi damuna a maganar nan waldar ce. Shasin irin waɗannan mashina bututun ƙarfe ne ba mai kauri sosai ba, in mai walda ya ba shi wuta ba da lissafi ba wurin yana raunana, wata rana a gargada sai ka ga ya tsage ta gefen waldar. Sannan in bai cire kan batir ba kafin ya kunna injin walda yana iya taɓa kayan wuta. Shi jak ɗin kansa yana da amfani yana da illa. Amfaninsa, tayar baya tana tashi sama ka juya ta da hannu ka wanke sarƙa ka sa mata mai, in ƙusa ko ƙaya ta huda taya ka zare ta ka fito da tub a yi faci ba sai ka nemi mai riƙe maka ba, in za ka duba baƙin mai mashin yana tsaye cak. Illarsa kuwa yana rage tazarar da ke tsakanin cikin mashin da ƙasa, wadda saboda ita aka sayi mashin ɗin tun farko, yana ƙara nauyi, laka tana taruwa a jikinsa da damina, in sifirin ɗinsa ya saki kuma ya dinga ƙara yana sauka da kansa in ka faɗa rami. Kuma da yake mashin ɗin dogo ne dole jak ɗin ya zama dogo, ɗora shi a kai da kaya a baya sai mai ƙarfi.

Boxer Zalla: Oga duk mun ji, amma har yanzu bai janye ba.

Na Kurna: Ku ƙyale shi, ai irinsu ne suka yi murna lokacin da aka hana acaɓa a Kano a 2013. Mutum nawa suka rasa abin yi a lokacin? Wasu suka koma Adaidaita Sahu da bashi, wasu suka bar garin gaba ɗaya.

Baban Yara: Kai ma ka san dalilin hanin nan tsaro ne, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero a watan Janairu na shekarar. Kada ka jingina wa bawan Allah abin da bai faɗa ba.

Na Kurna: Baba da girmanka, ni ban ce shi ya hana ba. Halin nake nunawa.

Mai XTZ: Ikon Allah. Ni ban ma taɓa zama a Kano ba. Yayana uwa ɗaya uba ɗaya acaɓa ya yi har ya gina gida, da kuɗinta aka biya min makaranta. Ina maganar ƙarfe kuna maganar hali.

Boxer Zalla: To ka ga kuwa abin ya fi muni, ka ci moriyar ganga ka yada kwaurenta.

Malamin Gona: Ni aikina shiga ƙauyuka ne, AG200 nake hawa. Yamaha don manoma da makiyaya suka yi ta, amma jak ɗin gefe biyu suka sa mata, hagu da dama, don ka kafe ta duk inda ƙasa ta karkata, sarƙarta kuma a rufe take. Da na tsakiya shi ne mafita ai da shi za su dogara. In na yi faci a daji ga abin da nake yi: in kafe ta a jak ɗin gefe, in ɗaure birkin gaba da roba don kada ta gangara, in ɗan karkatar da ita in tokare ɗaya gefen da guntun icce mai ƙwari, tayar baya ta tashi. Wasu kwantar da mashin suke yi a ƙasa, in za ka yi haka ka fara rufe makullin fetur in ba haka ba zai tsiyaye ta kafireto.

Sarkin Tafiya: To BMW GS fa? Babu mashin ɗin da ya kai shi suna wajen doguwar tafiya a kwalta da burji, kuma za ka gan shi da jak ɗin tsakiya. Su Jamusawan ba su san jeji ba ne?

Bakanike: Alhaji wancan ya haura kilo 200, ba ka iya tokare shi da icce cikin sauƙi, kuma tun a zane aka bar wa jak ɗin mazauni da ramukan noti. Ba ɗaya suke da 125 da aka kai wa mai waldar ƙofa ba.

Sarkin Tafiya: Mai waldar ƙofa kuma? Yanzu kai ma ka fara raina sana'ar mutane.

Bakanike: Haba Alhaji.

Boxer Zalla: Dama haka suke, duk wanda ya hau mashin ɗin Japan sai ya ga kowa a ƙasa yake. Alhali XTZ ɗin ma da yawansu a China ake haɗa su.

Ɗan Maraɗi: Ni tambayata ƙanin nan fa, shi ya biya kuɗin waldar daga aljihunsa? In haka ne a yi masa uzuri, niyyarsa mai kyau ce.

Baban Yara: A'a ɗana, kayan aro ba a yi masa gyaran da mai shi bai sa ba, ko fenti ne. Ya ba yayansa haƙuri, shi kuma yayan kada ya ƙara kawo maganar gida cikin mutane.

Mai XTZ: Na ji Baba. Bakanike in an yanke shi wurin zai koma daidai?

Bakanike: Kada a ɓalle shi da guduma. A yanke da injin gurza ƙarfe a bar ɗan tudun waldar kada a ci jikin bututun, a duba ko akwai tsaga, a shafa fenti saboda tsatsa.

Shugaban Zaure: To jama'a ya isa haka, bari in taƙaita. Abin da na fahimta mafi yawanmu sun yarda jak ɗin tsakiya abu ne mai amfani, shi kansa Bakanike ya lissafo amfaninsa har uku, Sarkin Tafiya ya kawo hujja da BMW, ni ma Boxer ɗina da shi take kuma ban taɓa ganin illarsa ba. Masu cewa yana dukan dutse wannan ya danganta da iya tuƙin mutum. Maganar 'yan acaɓa kuma ba ta yi daɗi ba, muna jiran Mai XTZ ya ba su haƙuri a nan kafin magariba. Na rufe wannan batu, mai son maganar AG200 ya buɗe nasa daban.