Azumi ne ko ƙin karin kumallo? Yadda ta kaya a zauren ƴan fadarmu

Ɗan Zango: Salamu alaikum jama'a. Yau sai na amayar da abin da ke cikina. Wata biyu ke nan ina azumin awa 16. Da na ci tuwon dare ƙarfe 8, ba na ƙara sa komai a baki sai 12 na rana, in ban da ruwa da shayi ba sukari. Na hau sikeli a farmasi, kilo 6 sun zube, wandon da na ajiye tun bikin ƙanwata ya koma shiga ta. Gyangyaɗin da nake yi a buro bayan azahar ya gudu, kaina wasai. Amma ku ji sakayyar da na samu: Inna ta aiko mini da rubutu a gora wai sammu aka yi mini, uwargida ta ɗauke mini wuta wai na raina kokonta, jiya kuma a Kasuwar Dole ta nan Damagaram wani ya ja ni gefe yana tambayata ko ciwo nake ɓoyewa. A garin nan in ba ka ajiye tumbi ba, ba ka samu ba. To ku sani, azumin nan wanke ƙwaƙwalwa yake, wani Bajapane har kyautar Nobel ya ci a kansa. Wanda bai sani ba ya tambaya.

Malam: Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin mu kai ga Bajapane, me ka kira abin? Kana kurɓar ruwa, kana kurɓar shayi, ka ce azumi? Azumi kamewa ne daga ketowar alfijir zuwa faɗuwar rana, da niyya, don Allah. Kai rabin naka ma a cikin barci kake yin sa. Ka nemo masa wani suna.

Ɗan Birni: Wannan ai irin na yaranmu ne, su kai azahar su sha ruwa, a ce musu gobe za a ɗinke da na yau ya zama guda.

Ɗan Zango: Allah gafarta Malam, ban ce lada nake nema ba. Haka masu abin suke kiran sa.

Malam: Su suka sani. Kai da ka san alif, bai kamata ka ari bakinsu ka ci musu albasa ba.

Mushe: Allah gafarta Malam, da girmanka, amma a nan ban bi ka ba. A suratu Maryam, da Nana Maryam ta yi bakancen ba za ta yi wa kowa magana ba, kalmar da ta zo ita ce sawm, kuma ba a ce ta daina shan ruwa ba. Asalin kalmar kamewa ne. Mu ma muna cewa wane yana azumin magana. Maƙwabtanmu Kirista na Sabon Gari nasu na kwana 40 azumi suke ce masa da Hausa, ba wanda ya kai su ƙara gidan Sarki.

Malam: Mushe, akwai ma'anar lugga, akwai ta shari'a. Wannan ba darasin lakwal ba ne.

Ɗan Birni: Mushe ya shiga gonar da ba tasa ba.

Mushe: Kai kuma Ɗan Birni ko me Malam ya faɗa sai ka ce amin, don dai unguwarku guda.

Mai Kabu-kabu: Ni dariya ma kuke ba ni. Awa 16? Tun asuba nake kan moto, sai la'asar nake samun garin rogo da ƙuli, ba wanda ya ba ni Nobel. Ku je ƙauyukan Tanut da Mirya lokacin da rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai iso ba, ku ga masu ci sau ɗaya a yini. Wanda ya ga yunwar 2005 da idonsa ba za a koya masa zama da yunwa ba. Mai ƙoshi ne kawai ke raɗa wa yunwa suna.

Majo: Ku ɗan ba ni wuri, tun da ni nake ɗaukar awon jininku. Ku kira shi abin da kuka ga dama, ga abin da ke faruwa a ciki. Hanta tana ajiye sukari kamar giram 100. In mutum ya daina ci, daga nan jiki ke ɗiba, kuma bayan kamar awa 12 zuwa sama ajiyar tana ja baya, sai jiki ya juya kan kitse. Hanta ta narka shi ta fitar da wasu sinadarai da ake kira keton, ƙwaƙwalwa kuma tana iya aiki da su. Ita ƙwaƙwalwa nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa. Wasai ɗin da ƙanena yake ji ban ƙaryata shi ba, sai dai ina zargin rabinsa daga barin fanke da shayi mai sukari cokali huɗu ne. Satin farko da yawa suna fama da ciwon kai da saurin fushi kafin jiki ya saba. Abin da ya fi damuna: mai ciwon sukari da ke kan allurar insulin ko ƙwayar gilibenkilamid, kada ya soma sai ya ga lokotoro, don sukarinsa na iya faɗuwa ya yanke jiki. Mai ciki, mai shayarwa, yaro mai tasowa, da wanda dama ramamme ne, ba nasu ba ne. Kuma a zafin Afrilu da Mayu da muke haura digiri 40, wanda zai yi ya yi ta shan ruwa.

Ɗan Birni: Kun ji ko? Majo ma ya ce a sha ruwa. Ashe ba azumi ba ne. Malam ya yi gaskiya.

Majo: Duk abin da na rubuta wannan kaɗai ka tsinta?

Hajiya: Ni ba ruwana da sunansa. Kai Ɗan Zango, yarinyar nan matarka tana tashi tun kiran assalatu ta hura gawayi ta dama koko, ta aiki yaro ya sayo ƙosai, ka fito ka wuce kwanon kamar ba ka gan shi ba. Ka zaunar da ita ka yi mata bayani, ko a salula ka gani ka wayi gari ka soma? In ita ce ta ƙi cin abincinka wata biyu, da tuni ka tara mata dangi.

Ɗan Zango: Hajiya na gaya mata, ita ce ba ta son fahimta.

Hajiya: Ka gaya mata, ko ka ba ta oda?

Ɗaliba: Yaya, yi haƙuri, maganar Bajapanen nan ce ta tsaya mini. Sunansa Yoshinori Ohsumi, ya karɓi Nobel na fannin likitanci a 2016, wannan gaskiya ne. Amma bincikensa a kan yisti ya yi shi, irin wanda ake sa wa ƙullin burodi, ya gano yadda ƙwayar halitta ke cinye tarkacen cikinta ta sake amfani da shi. Otofaji ake ce wa abin, kuma yunwa tana ƙara shi. Bai sa mutane sun bar karin kumallo ya auna kansu ba. Labarin ƙwaƙwalwa kuwa, mafi yawansa daga ɓeraye ne: a cikinsu an ga wani sinadari mai suna BDNF, mai taimakon jijiyoyin ƙwaƙwalwa, yana ƙaruwa in ana tsallake musu ci. Mark Mattson na Amurka shi ya fi kowa tallata wannan, ya yi dogon sharhi da wani abokin aikinsa a 2019. A mutane hujjar ba ta kai ƙarfin ta ɓeraye ba.

Ɗan Zango: Ke yaushe aka haife ki? Shekara biyu a jami'ar André Salifou har kin fi Nobel sani?

Ɗaliba: Ban fi shi ba Yaya, karanta shi na yi. Ga wani kuma: a 2020 masu bincike na San Faransisko sun fitar da sakamakon gwajin mutum 116 na sati 12, wasu suna ci daga 12 na rana zuwa 8 na dare, daidai irin naka, wasu suna ci sau uku. Duka ɓangarorin abin da suka rage bai kai kilo 1 ba a matsakaici, bambancin bai taka kara ya karya ba. A Sin ma, a binciken da ya fito a 2022, an bi mutum 139 shekara guda, duka an rage musu abinci, rabi an ƙayyade musu lokacin ci, sakamakon ya zo kusan ɗaya. Kilo 6 ɗinka na gaske ne, amma don cin ya ragu ne, agogon dabara ce ta rage shi.

Alhaji: Mu dai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya riga su. Litinin da Alhamis, ga kwana uku na tsakiyar wata, ga azumin Annabi Dawuda, yau a yi gobe a sha. Na ji Turawa suna da wani tsari na kwana biyar ci, kwana biyu ƙanƙancewa. Ina suka samo shi in ba wurinmu ba? Ai hadisi ya ce ku yi azumi ku samu lafiya.

Malam: Alhaji, wancan hadisin malamai da yawa sun raunana shi, kada mu jingina wa Manzo abin da bai tabbata ba. Wanda ya fi shi ƙarfi shi ne na Tirmizi, a raba ciki uku: abinci, abin sha, numfashi. Kuma wanda ya yi Litinin da Alhamis don tumbi, tumbin ne ladansa.

Alhaji: Yanzu kuma ni ka juyo wa, Malam? Ina taya ka kana tsinka ni a gaban yara?

Ɗan Birni: Dama ƴan Zango haka kuke, kowane baƙon abu ya sauka ku ne masu masaukinsa, tun zamanin ayari.

Ɗan Zango: Ayarin ne ya ciyar da Birnin. Kuma tun da ka buɗe baki, jika 5 ɗina na tun watan Sallah fa?

Ɗan Birni: Mai azumi ba ya tashin bashi.

Ɗan Zango: Ba kai ka ce ba azumi ba ne?

Majo: Ba wanda ya tambaye ni ko mai tansiyo zai iya. Shi ma in yana shan magani ya fara zuwa a duba shi. Na tafi aiki.

Mai Shayi, shugaban zaure: To jama'a ya isa haka, na rufe wannan magana, saƙo ya yi yawa har salulata ta yi zafi. Ga abin da aka cimma. Na ɗaya, an yi ittifaƙi cewa abin nan ba azumi ba ne, Malam ya kawo hujja, ba wanda ya iya ture ta. Na biyu, Majo da bakinsa ya ce yana kawo ciwon kai da fushi, kuma mun ga fushin a nan. Na uku, ƙanwarmu ta jami'a ta tabbatar ashe Bajapanen a kan burodi ya ci kyautarsa, wanda ke nuna muhimmancin burodi. Hajiya kuma ta yi magana ta manya. Ɗan Zango, bencinka na nan ba wanda ya zauna a kai, gobe ƙarfe 7 akwai ƙwai da madara, kofin farko ni na biya.

Mushe: Wane ittifaƙi? Ni ban yarda ba, kuma ba a amsa mini ayar ba.

Mai Shayi: Mushe an rufe.