Kifina Geophagus yana ta ɗaukar tsakuwa a baki, lafiya kuwa?

Sabon_Shiga:
Salam 'yan uwa, dan Allah ina neman shawara. Sati biyu kenan da na sa Geophagus guda biyu a tankina mai lita 120, tsakuwa na shimfiɗa a ƙasan. Tun ranar sai su riƙa kifa kai ƙasa suna ɗibar tsakuwar a baki suna tofarwa, yau da safe na ga leɓen ɗaya ya kwaile ya yi ja, abincin da nake watsa musu a saman ruwa kuma ko kallonsa ba sa yi. Ciwo ne ko yunwa?

Dattijon_Ruwa:
Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ɗan uwa, halittarsu ce haka, sunan ma da Girkanci mai cin ƙasa yake nufi. Asalinsu kogunan Kudancin Amurka ne irin su Amazon da Orinoco, inda ƙasan ruwa yashi ne mai laushi, sai kifin ya cika bakinsa dam ya tace 'yan tsutsotsin ciki ya haɗiye, yashin ya zubo ta kunnuwansa kamar ana rairaya. Tsakuwar nan ita ta ji masa ciwo, wani lokacin ma har maƙalewa take a baki. Kwashe ta ka zuba yashi lukui, amma ka wanke shi sai ruwan ya fito garau. Abinci kuma ka nemi ƙanana masu nutsewa.

Ummu_Kifaye:
Gaskiya Baba ya gama magana, sai dai malam tankinka ya yi kaɗan fa. In nau'in Geophagus ɗin da ake kira altifrons ne yana wuce santimita 20, kuma sun fi sakewa su biyar ko shida, in biyu ne babban yakan takura wa ƙaramin, ka ga kana buƙatar lita 300 zuwa sama. Hita ka bar ta wajen digiri 27. Kada ka yi wasa da canjin ruwa, sulusi duk sati, ni sakaci na yi na wata guda sai ga 'yan ramuka sun fito a kan nawa, wlh na sha wuya kafin ya warke.

Sabon_Shiga:
Na gode sosai Baba, na gode Hajiya. To shukokin da ke ciki fa, yashin zai riƙe su?

Dattijon_Ruwa:
Tumɓuke su za su yi. Ka ɗaura shukar Anubias a jikin icce ko dutse, ba ruwansa da ƙasa. Sannan ka ɗaga bakin filta sama kaɗan don kada ya zuƙi yashi ya ci maka injin.