Zan je Bilbao kwas na sati ɗaya, a ina zan ci abinci hankali kwance?

Maman Biyu, Kubwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina neman shawarar wanda ya taɓa zuwa Bilbao, can arewacin Sifaniya yankin da ake ce wa Bask. Wurin aikinmu ne za su tura mu kwas na sati ɗaya, mu uku ne kuma ni kaɗai ce Musulma, biza ta fito jiya alhamdulillah. To abin da ya tsaya min a rai shi ne abinci, duk hoton da na buɗe a intanet sai in ga kanta cike da yankan burodi an ɗora abu a kai an soke da tsinke, ga kuma cinyoyin alade a rataye saman kan mutane. Ni kuma ina da olsa, ba zan iya wuni a kan shayi da biskit ba wallahi. Otal ɗin namu an ce kusa da gidan tarihin nan na Guggenheim yake. A ina zan ci, me zan ce musu, kuma nawa zan ware a rana?

Injiniya, Jos

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya kai ki lafiya. Na yi shekara biyu ina karatu a garin, ki kwantar da hankalinki. Shawarata ɗaya ce, ki bi kifi. Mutanen nan masunta ne tun kaka da kakanni, tun ƙarni na 16 jiragensu suna kaiwa har gaɓar Kanada, saboda haka girkin da suke tinƙaho da shi yawancinsa na teku ne, kuma mu a Malikiyya duk abin da ke cikin teku halal ne. Ya fi min ciwo in ga namu sun je can sun ƙare sati a shagon kebab saboda tsoro.

Wancan na tsinken sunansa pintxo, tx ɗinsu kamar c ɗinmu yake, wato pinco, kuma daga tsinken sunan ya samo asali. Akwai na alade da yawa kam, amma akwai na tuna, na jatan lande, na kaguwa da suke kira txangurro, sai tortilla de patatas wadda wainar ƙwai ce mai kauri da dankalin turawa da albasa, yanka ɗaya da burodi ya riƙe ki zuwa azahar.

Wanda nake so ki nema da gaske shi ne bacalao al pil-pil. Irin kifin nan ne da muke saya a matsayin stokfish a kasuwa, sai dai nasu da gishiri ake adana shi, a jiƙa shi kwana ɗaya ko biyu ana canza ruwa. Na taɓa tsayawa na kalli wata tsohuwa tana yi, kaskon ƙasa ne da man zaitun da tafarnuwa da ɗan busasshen barkono, wuta ƙasa ƙasa ba ta bari man ya tafasa, tana ta juya kaskon a hankali kamar mai bakace, har maiƙon fatar kifin ya haɗe da man ya koma miya mai kauri ruwan ƙwai. Kaya huɗu ne kawai a ciki, babu inda alade zai ɓuya. Sai marmitako, farfesun tuna da dankali da tattasai, ranar da ake yayyafin nan nasu da suke kira sirimiri in na sha sai in ji kamar ina gida a watan Agusta an kawo sabon dankali daga Bokkos. Shi dai ki tambaya, wasu suna ɗiga farar giya a ciki. Abincinsu ba yaji, olsarki za ta huta, amma ki bar wanda ake kira gilda don barkonon cikinsa a ruwan tsami ake jiƙa shi.

Daga Guggenheim akwai tashar taragon cikin gari a nan kusa, yana bin bakin kogi ya sauke ki a Ribera, ko ki taka da ƙafa minti 20 zuwa 25. Kasuwar Ribera ke nan, ginin 1929 ne, ki zaga wajen masu kifi ki ga idonki, akwai kuma wuraren ci a ciki. Bayanta tsohon gari ne Casco Viejo, da dandalin Plaza Nueva da shagunan pintxo suka kewaye.

Ki kula da lokaci, wannan ya wahalar da ni da farko. Abincin rana daga 1:30 zuwa 3:30 ne, na dare sai 8:30 ko 9, in kika je ƙarfe 6 kicin a rufe yake. Da rana ki nemi allon da aka rubuta menú del día, faranti biyu ne da kayan zaƙi da burodi da abin sha a kuɗi ɗaya, ni lokacin da nake can wajen yuro 15 nake biya, pintxo kuma yuro 3 ko sama kaɗan. In kin ware yuro 40 a rana ina ga ba za ki takura ba.

Hajiya Babba, Gwarinpa

Ƙanwata duk abin da Injiniya ya faɗa haka ne, amma bari in ƙara miki da abin da ya same ni don kada ki maimaita. Mun je da maigida, rana ta farko na nuna wani ɗan dunƙule soyayye kamar ƙosai na tambayi yaron ko akwai nama ya ce babu, na gatsa sai ga jajayen gutsattsari a ciki. Croqueta ce ta jamón, wato naman cinyar alade. Shi a wurinsa jamón ba ya cikin lissafin nama, ba wai mugunta ya yi ba, amma ni ranar kuka na yi a otal. Saboda haka kada ki ce nama, ki ambaci sunayen ɗaya bayan ɗaya, ki rubuta su a waya ki nuna: cerdo shi ne alade, sai jamón, chorizo, txistorra, lomo, panceta, morcilla wadda da jini ma ake yinta, da manteca wato kitsensa. Ki ce sin cerdo, sin jamón, sin alcohol, sin ɗin yana nufin ban da. Waken nan nasu mai kyau a ido, alubias, kusan kullum da kayan alade yake zuwa, ki haƙura da shi. Txakoli giya ce, sidra ma giya ce duk da ta tuffa ce, kalimotxo kuma kada Coca-Cola ɗin ta ruɗe ki da jar giya ake haɗawa. In kina son abu mai zaƙi ki ce mosto, ruwan inabi ne zalla, ko ki ce agua a ba ki ruwa.

In kika yi marmarin nama ki tsallaka gada daga kasuwar Ribera ki hau unguwar San Francisco, nan 'yan Maroko da 'yan Senegal suke, ga mahauta an rubuta halal a ƙofa, ga shinkafa da kifi ta 'yan Senegal kamar dafa-dukarmu. Mahautan ne ma suka nuna wa maigida masallaci ranar Juma'a. Ki je da rana ke da abokiyar tafiya, jaka a gaba.

Maganar shiga shagunan pintxo ɗin da ake kira bar kuma gaskiya ni raina bai kwanta ba, ko da yake can za ki ga tsofaffi da masu goyo suna shan kofi a ciki, amma dai ana sayar da giya. Ni a kujerun waje nake zama a kawo min. Ke ma ki duba abin da zuciyarki ta natsu da shi.

Ummi, Lugbe

Anti ni dai da ni ce sai in ƙullo kilishi da dambun nama da garin kunu da yaji in cusa a akwati shikenan, me zai kai ni ga abin da ban sani ba.

Injiniya, Jos

Ummi a'a, kada ki sa a ƙwace mata kaya a filin jirgi. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama ko kayan madara daga ƙasashen waje, kilishi da dambu duk suna ciki, har man shanu. Garin kunu da yaji kam ta ɗauka, yajin ma zai yi amfani in ba don olsa ba.

Ɗan Rayfield

Madam ni Kirista ne amma da abokin aikina Musulmi muka je, kullum tare muke ci. Abu ɗaya da muka gano, bacalao a la vizcaína mai jar miya ba ɗaya yake da pil-pil ba, wasu gidajen suna sa kitsen alade ko ɗan jamón a miyar, sai kin tambaya. In kin samu ranar hutu ki hau bas zuwa San Sebastián, su suna cewa Donostia, awa ɗaya da 'yan mintuna ne. A tsohon garin kan titin 31 de Agosto akwai La Viña, su ne suka yi suna da kek ɗin cuku mai ƙonannen sama, cikinsa laushi kamar zai zube, cuku ne da ƙwai da suga da kirim. Manyan gidajen abincin can irin su Arzak masu tauraro 3 na Michelin, wato lambar yabon gidajen abinci, sai an kama wuri tun da wuri, kuma cin mutum ɗaya zai iya haura kuɗin abincinki na satin gaba ɗaya. Ranar da ƙungiyar ƙwallon Bilbao, Athletic, ke wasa a filinta na San Mamés kuma ki ci da wuri, titunan wajen filin ba masaka tsinke. 'Yan ƙwallon nan Iñaki da Nico Williams iyayensu 'yan Ghana ne, in kika ambace su hira ta ɓarke ke nan.

Maman Biyu, Kubwa

Kai na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri, Hajiya Babba na kwafe sunayen nan tsaf a waya. Saura karin kumallo, ƙarfe 9 muke shiga aji kuma dole in sa wani abu a ciki kafin magani.

Hajiya Babba, Gwarinpa

Wannan mai sauƙi ne ƙanwata, shagunan kofi suna buɗewa da sassafe. Ki ce tostada con tomate, gasasshen burodi ne da markaɗaɗɗen tumatir da man zaitun, ki ƙara da sin jamón don wasu suna ɗorawa. In tumatir yana tayar miki da olsa ki karɓi yankan tortilla da madara mai ɗumi, leche caliente. Kayan fulawa ki tambaya ko da manteca aka yi, mantequilla ce ta shanu, sunayen sun yi kama ki lura. In za ki gode musu ki ce eskerrik asko da yarensu, za ki ga fuskarsu ta sake. Ki sa lema da rigar sanyi a akwati.