Shawarwari Kan Zaɓen Wasan Bidiyo Bisa Nau'insa

Shawarar da ta rinjaya a wata tattaunawa kan yadda za a zaɓi wasan bidiyo ita ce a duba nau'in wasa kafin a saya. Wasannin harbi irin su Call of Duty suna buƙatar saurin hannu da intanet mai ƙarfi, domin jinkirin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba kan sa a harbe ɗan wasa tun bai hango abokin karawarsa ba. Wanda intanet ke yanke masa gara ya koma ga wasannin dabara kamar Civilization, inda ake wasa bi da bi. A ganina Minecraft, wanda ya fito a 2011, ya fi dacewa da sabon shiga, musamman ɓangarensa na gini inda dodanni ba sa kai wa ɗan wasa hari.