Jijiyar ƙodar Baba ta tsuke: a yi aiki ko a ci gaba da magani?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifinmu a Tudun Wada yake, shekararsa 64. Maganin hawan jini kala huɗu yake sha, amma awon ya ƙi sauka daga 180. Da aka yi hoto, likita ya ce jijiyar da ke kai wa ƙodarsa ta dama jini ce ta tsuke. Yaya ya ce a sayar da fili a kai shi Masar. Hajiya kuwa ko kalmar tiyata ba ta son ji. Don Allah a ba mu shawara.

Wani likita, Unguwar Rimi: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Ƙoda in jini ya rage mata, sai ta zaci jinin jiki ne ya yi ƙasa, ta saki sinadarin renin, jijiyoyi su matse, jiki ya riƙe gishiri da ruwa. Ki kwantar wa Hajiya da hankali, galibi yanzu ba a yanka ciki. Ta jijiyar saman cinya ake zura siririn bututu, a hura balan-balan a wurin da ya tsuke, a bar ɗan ƙarfe mai kamar raga, wato stent.

Amma filin nan a dakata tukuna. Binciken CORAL na 2014, kan mutum 947 da kitse ya tsuke musu jijiyar, bai ga stent ya fi magani kaɗai ba. An fi sa ran amfaninsa ga wanda ruwa ke cika wa huhu farat ɗaya, ko ƙodarsa na lalacewa da sauri, ko jinin ya gagari magani. Baba na iya shiga sahu na ƙarshen. Ku kai hoton da gwajin kiriyatinin (gwajin jini mai nuna aikin ƙoda) wurin likitan ƙoda a asibitin koyarwa na Shika, Zariya, ku tambaya ko ƙodar ba ta riga ta ƙanƙance ba.

Wata uwa, Kawo: 'Yata, kafin komai ki leƙa tukunyarsa. Maigidana sai da na rage gishiri da magi muka ga canji. Kuma a raba shi da jiƙe-jiƙen masu talla a mota.

Ma'aikaciyar jinya, Malali: Baba yana shan maganin ciwo irin su diclofenac ko ibuprofen? Suna ɗaga jini, suna cutar da ƙoda.

Mai tambaya: Innalillahi! Kullum sai ya sha diclofenac saboda gwiwa, daga kemis yake saye, likitansa bai ma sani ba. Yanzu zan kira Yaya.